Gurbin Yatsu Uku a Hular Malam Haliru

Na Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma.

Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Haliru mai zanen hula a gidansa da ke Tsafe. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba, aka yi masa sutura bayan azahar. Ina zaune a tsakar gidana a Bungudu ina warware zare, sai ga maigidana Malam Abdulƙadir ya shigo a lokacin da ya kamata a ce yana cikin aji yana koyarwa. Da na ga ya tsaya yana jujjuya makullin babur a hannu ya kasa dubana, na san daga Tsafe labarin ya fito.

Baba Malam, na so in buɗe wannan rubutu da cewa ban isa in yi maka ta'aziyya a takarda ba, akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Har na rubuta layin. Sai na tuno irin kallon da kake yi mini ta saman tabarau duk lokacin da na ɗauko irin wannan magana, na soke shi. Ni zan rubuta, domin abin da ka yi mini babu wanda ya san shi ciki da bai kamar ni.

Wanda bai san sana'armu ba, hula kawai yake gani a kan mutum. Kafin ta hau kai kuwa sai ta bi hannu uku. Mai zane ne na farko, shi ke shimfiɗa farin ƙyalle ya fitar da fasalin da biro. Daga nan mu mata a cikin gidaje mu bi zanen da allura da zare, mako uku ko wata guda, gwargwadon wuyar aikin. Sannan masu wanki su wanke, su sa sitaci, su ɗora ta a gungume ta bushe ta tsaya. Jikin hula dogon ƙyalle ne da ake naɗowa a haɗa bakinsa biyu, kuma wannan mahaɗa a ƙeya take zama. A nan ake gane gwani. In mai zane ya iya awo, ƙarshen zanensa zai zo ya tarar da farkonsa cif, ba ragi ba ƙari. Shekara hamsin da ɗoriya kana zaune a rumfarka ta bakin kasuwar Tsafe, da rula da biro da ɗan katakon da kake ɗorawa a cinya, ba a taɓa samun zanenka ya yi tuntuɓe a mahaɗa ba. Masu wankin hula a Gusau sukan juya aikinka sau uku a hannu suna neman inda ka fara, su gaji su ajiye.

Alherinka na ɓoye ne, sai an bi sawu ake gano shi. Akwai wata dattijuwa a Wanke, Inna Uwani, wadda ɗinkin hula ne cinta da shanta tun rasuwar mijinta. Da idonta ya fara rauni dillalai suka shiga kauce mata. Kai kuwa sai ka koma yi mata zane na daban, layuka masu kauri, gidaje masu faɗi, da jan biro maimakon shuɗi, ka kuma gargaɗi mai kai mata da ta ce sabon yayi ne, manyan mutane ke nema. Shekara tara tana ɗinka wannan yayi, kowa yana ganin ba ta san don idonta aka ƙirƙiro shi ba. In wata ta ɓata aiki aka dawo maka da shi, ba ka taɓa cewa mai ɗinki ta yi sakaci ba. Sai ka ce biron ne bai fito da kyau ba, ka zauna ka warware da hannunka. Ga barkwanci. In babban mutum ya zo yana ta zuba sharuɗɗa a kan hularsa, sai ka ɗora masa zaren awo a kai ka ce, ai ranka ya daɗe awonka ɗaya da na mai rake na bakin tasha, Allah bai bambanta ku ba.

Ni kuwa da ƙarya na shigo rayuwarka, kuma yau zan faɗe ta da bakina.

A Gusau aka haife ni, a gidan ma'aikata. Mahaifina Alhaji Shehu magatakardan kotu ne har ya yi ritaya, yayyena duk suna ofis, ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ni kaɗai ce na zauna jarrabawar gama sakandare sau biyu ba ta yi kyau ba. Babu wanda ya taɓa goranta mini, gaskiya ɗaya ce. Amma in an taru da Sallah ana hirar ƙarin girma da sauyin wurin aiki, in aka zo kaina sai a ce, ita Muzdalifa tana ɗan taɓa ɗinki. Wannan "ɗan taɓawa" na ɗauka na rataya a wuyana, na taho da shi gidan aure a Bungudu.

Dillaliyarmu Inna Yelwa ita ke kawo mana zanenka daga Tsafe ta karɓi wanda muka ɗinka ta kai Gusau. Wata damina ta tafi Mada zaman jegon 'yarta, kwana arba'in babu zane. Hannuna ya saba da allura, zaman banza ya ishe ni, sai na ɗauki biron maigidana da ragowar ƙyalle na ce bari in gwada. Zanen ya tafi lafiya har na zo ƙarshe, a nan asirina ya tonu a gabana. Ban san awo ba. Tsakanin ƙarshe da farko ga fili fari fat, faɗin yatsu biyu. Haushi ya kama ni kamar in cusa ƙyallen a murhu. Sai na tuna faifan da wata Bafulatana daga rugarsu ta wajen Wonaka ke rufe ƙwaryar nononta da shi in ta zo gidanmu ina yarinya, mai ɗan ado kamar sawun tsuntsu ya zagaya. Na zana shi a wurin, na ce ai ƙeya ce, wa zai duba.

Da Inna Yelwa ta dawo ta ga hular, ta daɗe tana kallo, ta tambaye ni zanen wa ne. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce na Malam Haliru ne, wani ya kawo mini. Ta tafi da ita, bayan kwana uku ta dawo tana neman wata.

Shekara huɗu na yi a haka. Kowace hula sai gurbi ya rage mini a mahaɗa, kowane gurbi sai in toshe shi da wani ɗan ado, yau na faifai, gobe na bakin tabarma, jibi na zanen ƙwarya. A idona duk faci ne, irin wanda ake yi wa riga in ta yage. Ana nan sai samarin Gusau suka tsiro da wani abu. Suka fara juya hular, mahaɗa ta dawo goshi. Har suna suka sa mata, wai Waiwayo. Ranar da na fara ganin wani a kan babur a Tudun Wada ya ɗora kuskurena a tsakiyar goshinsa yana tafe yana taƙama, sai da na tsaya na bi shi da kallo har ya ɓace. Yayana Haidar da kansa ya zo gidana sanye da ita, ya cire ya miƙo mini ya ce in riƙa lura da aikin manya ko na ƙaru. Na karɓa na jujjuya, na ce lallai kam Malam gwani ne.

Mai karatu zai ce ai daɗi ya kamata in ji. Ko kusa. Duk yabon da aka yi sai wata murya a cikina ta ce, sunan Malam ake yabo, ke wace ce? Ranar da aka san 'yar da ta faɗi jarrabawa ce ta zana, ranar za a ga karkacewar layukan, a ga facin a matsayin faci. Na rame a tsaye. In aka yi sallama a ƙofar gida da muryar da ban sani ba, sai in ce shi ke nan, asirina ya tonu. Ko maigidana ban gaya wa ba, sai ya tafi makaranta nake fito da biro.

Ban san cewa a Tsafe mutane sun dame ka da neman Waiwayo ba. Kana cewa ba taka ba ce, suna cewa Malam ya fara rowa. Sai ka bi sawu a hankali, daga masu wanki zuwa mai shago, daga mai shago zuwa Inna Yelwa. Wata Asabar da safe, a shekarar 2019, aka ce ana sallama da maigida. Ya fita ya dawo ya ce in sako mayafi, wani dattijo ne daga Tsafe da iyalinsa, Malam Haliru. Na sako mayafi na fita zaure.

Na same ka zaune a tabarma, siriri, da farin gemu, uwargidanka Hajiya Huseina a gefe. Bayan gaisuwa ka ciro hula daga jaka ka ajiye a tsakaninmu, mahaɗarta tana kallona.

"Ɗiyata, wa yaz zana wagga hula?"

Na fashe da kuka. Na ce ni ce, ni ɓarauniya ce, na ci da sunanka shekara huɗu, ban iya komai ba, ko awo ban sani ba, wannan adon ma ɓarna ce nake rufewa. Maigidana ya saki baki yana kallona. Ka bar ni na yi mai isata, sannan ka yi magana.

"Laifinki biyu ne. Na farko kin yi ƙarya da sunana. Wannan na yafe tun a mota, kafin mu wuce dutsen Kwatarkwashi. Na biyu ba nawa ba ne balle in yafe. Allah Ya ba ki abu, kinka ɗauka kinka liƙa ma wani."

Sai ka sake sa hannu a jaka ka fito da ƙyallaye bakwai ka jera su. Duk zanenka ne, duk ƙoƙarin kwaikwayon Waiwayo ne. Ka ce wata uku kana fama. In ka yi niyyar barin gurbi sai hannunka ya rufe shi da kansa, in ka tilasta masa ya bari sai ka rasa abin da za ka sa a ciki, wanda ka sa kuma ya fito a sandare. Ka ce ka zo ne ka ga hannun da ya gagare ka.

Ban gaskata ba. Na ɗauka lallashi ne irin na manya. Hajiya Huseina ce ta lura, ta gyara zama ta ce bari ta gaya mini abin da ko 'ya'yanku ba su sani ba. Ta ce in Malam ya tafi masallacin Juma'a ƙasa yake kallo, mutane suna cewa tawali'u ne, alhali tsoron ɗaga kai yake kada ya ga hulunansa a sahu ya hango kuskure. Ta ce har gobe in aka yabe ka sai ka dawo gida ka kasa cin tuwo, kana cewa kai kwaikwayon maigidanka da ya koya maka kawai kake yi, wata rana za a gane. Ka yi dariya har tabarau ya zame, ka ce Hajiya ta kwance maka zani a kasuwa. Sannan ka dube ni.

"Muryar nan da ke ce miki ba ki iya ba, na san ta. Baƙuwata ce, ta girme ki. Ba ta tahiya, kada ki jira tahiyarta. In ta zo, tabarma nika shimfiɗa mata in ce zauna nan, ni ina da aiki."

Da a tatsuniya ne, da daga ranar na warke. Ina! Sai ma abin ya ƙaru. Da can ina da sunanka da nake fakewa a bayansa, yanzu ka janye shi, domin duk wanda ya zo rumfarka neman Waiwayo sai ka ce ya tafi Bungudu ya tambayi gidan Malam Abdulƙadir, matarsa ce mai ita. Wata biyar ban taɓa biro ba. Daga baya na aika ina roƙon ka koya mini awo, ina ganin in na iya rufe mahaɗa kamar kowa, shi ke nan na zama ta gaske. Ba ka ƙi ba. Duk Asabar ta ƙarshen wata maigidana ya kai ni Tsafe, ka zaunar da ni a soron gidanka, Hajiya tana dama mana fura, ka nuna mini yadda ake ninka ƙyalle a raba shi gida-gida kafin biro ya sauka. Ba ka rage mini komai ba. Ranar da na kawo maka hular farko da ta rufe cif, ka juya ta sau ɗaya ka ce ta yi daidai, ka ajiye. Na ce, shi ke nan? Ka ce shi ke nan, irinta akwai dubu a kasuwa. Ka ce da can dole ce ta sa nake barin gurbi, yanzu da na iya rufewa sai in bar shi da gangan, in san ni na bari.

Na koma zane, aiki ya buɗe fiye da da, mata goma sha biyu a Bungudu suna ɗinka abin da na zana. Haidar da ya ji labari ya zo har gida yana sosa ƙeya, yanzu a ofishinsu ba ya barin kowa ya huta da zancen ƙanwarsa. Amma ni in aka tambaye ni sana'ata, sai in ji bakina ya ce ina ɗan taɓa ɗinki. Da wata ƙungiyar mata ta shirya baje kolin sana'o'in hannu a Gusau ta gayyace ni in tsaya a gaban hulunana in yi bayani, da safiyar ranar na ɗaure kai da ɗankwali na ce ciwon kai nake, na tura Inna Yelwa. Da la'asar ka kira ni a waya. Ka tambayi ciwon kai, na ce da sauƙi. Ka ce, "To madalla. Huluna sun je, mai su ta ɓuya." Ka kashe wayar. Ban taɓa jin ka yi fushi da ni ba sai ranar, kuma na fi mako ina jin zafin maganar, don na san gaskiya ce.

Bayan babbar Sallar bara hannunka ya fara rawa, ka rage zama rumfa. A watan Agusta Inna Yelwa ta kawo mini ƙunshi daga gare ka. Ƙyalle ne guda, awon kanka, ka cika shi da zane mafi kyau da na taɓa gani daga hannunka, ko alamar rawa babu. A mahaɗa ka bar fili fari, faɗin yatsu uku. Ka haɗo da 'yar takarda da rubutun ajami, kalma biyu: ki cika.

Naka ɓangaren na ɗinke shi cikin wata guda, da zare ruwan ƙasa da fari. Gurbin kuwa na bar shi yana kallona wata huɗu. Kullum in ɗauko in ajiye. Baƙuwar nan ta baje kolinta sosai. Ta ce a da can hularki daban tasa daban, yanzu hannunki zai zauna kafaɗa da kafaɗa da nasa a ƙyalle ɗaya, makaho ma zai shafa ya ji bambanci. Na zana a takarda ya fi sau talatin ina yagawa. In ka kira ka tambaya, in ce saura kaɗan, ka ce ba komai, kana nan.

Ranar Lahadi biyar ga Janairu Hajiya Huseina ta kira ni. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Muzdalifa, jikin Malam ya yi nauyi, kuma yana tambayar hularsa." Na ajiye wayar. Na gane cewa in na ƙara jinkiri, tsorona zai sa dattijon da ya taka har zaurena ya tafi bai ga amsar aikensa ba, kuma wannan ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Na shiga ɗaki na ɗauko tabarma ta gaske, na shimfiɗa a gefen inda nake zama, babu kowa a kai. Maigidana ya leƙo ya ga haka, ya gane, ya koma. Na yi bisimilla na ɗora biro a kan ƙyallen kai tsaye, ba gwaji a takarda. Abin da ya fito shi ne adon faifan nan na farko, sawun tsuntsun da na rufe kunyata da shi shekara tara da suka wuce, sai dai wannan karon na buɗe shi ya cika yatsu uku, na ɗinke shi da shuɗin zare mai haske don kada ya ɓuya. Kwana uku na gama. Ban ce ya kai naka ba, ban kuma ce bai kai ba. Nawa ne.

Ranar Alhamis na kai maka da kaina, ban aiki kowa ba. Na same ka kwance ka rame ƙwarai, amma da aka tallafa ka ka zauna, tabarau ka fara nema. Ka daɗe kana bin gurbin da ɗan yatsa. Ka ce, "Wa yaz zana nan?" Na ce ni ce. Ka ce ba ka ji ba, kunne ya tsufa. Na ɗaga murya har na tsakar gida suka ji, na ce ni Muzdalifa ce na zana. Ka ce, "Alhamdu lillahi. Yau na ji."

Washegari ka kafe sai an kai ka masallacin Juma'a. Babban ɗanka Umaru shi ya riƙe ka, shi ya ba ni labari. Ya ce ka sa hular ka juya mahaɗa gaba kamar samarin Gusau, dattijo da kai, mutane suna ta murmushi. Duk wanda ya gaishe ka ya yaba, sai ka ce baya naka ne, gaba na Muzdalifa ta Bungudu. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, tun da yake binka masallaci bai taɓa ganin ka ɗaga kai ba sai ranar. Kafin a tayar da salla ka bi sahu da kallo, hula bayan hula, kana gyaɗa kai. A hanyar gida ka ce masa, ashe ba su yi muni ba. Bayan kwana huɗu Allah Ya yi ikonSa.

Na yi kuka, Baba Malam, har yanzu ina yi. Amma ba kukan wanda aka bari a rana ba ne. Ka gama aikinka a kaina kafin ka tafi, ka kuma ga naka aikin da idonka ka yarda da shi. Wannan nasara ce, kuma ina alfahari da ita a fili.

Ranar sadakar uku ina cikin mata a gidanka, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kamo hannuna tana laluben fuskata da ido. Ta ce ita daga Wanke ta zo, sunanta Uwani, ni ɗiyar wa ce? Na buɗe baki zan ce 'yar magatakarda ce, matar malamin makaranta, kamar yadda na saba. Baƙuwata ma ta matso. Na haɗiye waccan amsar, na ce, ni ce Muzdalifa mai zanen hula. Tsohuwar ta ƙara riƙe hannuna. Ta ce ta san sarai don idonta kake yi mata jan zane mai kauri, ta yi shiru ne shekara tara don kada ta ɓata maka lada. Sannan ta tambaya, yanzu wa zai riƙa zana mata? Na ce ni. A kan hanyar komawa Bungudu na sa maigidana ya tsaya a Gusau na sayi jan biro, kuma makon jiya Inna Yelwa ta kai mata na farko.

Ya Allah, ga bawanKa Haliru ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin masu rauni bai tona ba, Ka rufa nasa asirin ranar tsayuwa. Yadda ya yafe mini tun kafin in roƙa, Ka yafe masa kurakuransa na fili da na ɓoye. Ka sa kowace hula da ta shiga sahun salla daga hannunsa ta zama shaida a gare shi, Ka sada shi da Manzon tsira, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwata Hajiya Huseina, wadda ta yi shekara arba'in da takwas tana lallashinsa ya ci tuwo in an yabe shi. Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya saka miki da alheri. Ina yi wa Umaru da Hamidu da Maryam da sauran 'ya'ya da jikoki ta'aziyya, Allah Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Haka nan ga mutanen Tsafe baki ɗaya, da masu wankin hula na Gusau, da dukan matan da suka ci abinci da zanensa daga Wanke har Bungudu. Rashin namu ne duka. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Baba Malam, ka daɗe kana jiran ganin wannan a rubuce. Ga shi nan, ban rage ko harafi ɗaya ba.

Muzdalifa Shehu,
mai zanen hula,
Bungudu.